Rezar lafiyarta ƙalau, dannawa kake yi

Ka tambaye ni me ya sa in ka yi wa mutum gyaran fuska da abin askin nan na ƙarfe, wanda ake ɗaura wa reza mai baki biyu, sai jini ya tsatso a wuyansa, bayan kwana biyu kuma ya dawo da ƙuraje. Har kana zargin rezar. To ɗana, ba ruwan reza. Hannunka ne ya yi nauyi.

Ka saba da na robar nan da ake yarwa, wanda sai an danna yake ci. Wannan kuwa da nauyinsa aka ƙera shi, kuma nauyin ne ke yin askin. Riƙe shi da yatsu uku can wajen ƙarshen mariƙin. Ɗora kansa a kumatu, sannan ka riƙa sauko da mariƙin sannu a hankali har ka ji bakin ya fara kama gashi. Da kunne ake gane wurin, za ka ji ƙir-ƙir. Masu lissafi suna cewa wajen digiri 30 ne. Kansa ba ya lanƙwasa ya bi fuska, don haka in ka zo haɓa da muƙamuƙi, wuyan hannunka ne zai juya. Ja kaɗan-kaɗan, ka ɗauraye. Kada ka kuskura ka zame shi ta gefe, nan take zai tsaga fata.

Ka ga ƙarfen da ke ƙarƙashin bakin rezar? Shi ne ya raba shi da askar wanzamai, shi ke tare fata kada kaifin ya nutse. Don a sauƙaƙa wa wanda bai iya aska ba wani ɗan kasuwa mai suna King Gillette ya fara sayar da irin wannan abin askin a Amurka a 1903. Amma fa in ka danna, fatar sai ta kumburo tsakanin ƙarfen da rezar, kariyar ta tashi a banza.

Maganar ƙuraje ita ce babba, a nan nake so ka buɗe kunne. Gashinmu murɗaɗɗe ne. In ka aske shi ta inda ya saɓa wa kwanciyarsa, ko ka ja fata da ƙarfi, sai ya yanke ƙasa da fatar da tsini a bakinsa. Da ya fara tsirowa sai ya lanƙwasa ya soki naman, wurin ya kumbura ya yi ruwa. Saboda haka kafin ka shafa sabulu, bi fuskar da yatsa ka gane inda gashin ya kwanta. Na kumatu yawanci ƙasa yake kallo, amma na wuya ba shi da alƙibla, wani ya yi sama, wani ya karkata, kuma kowa da irin nasa. Zagayen farko ka bi kwanciyar gashin. In bai fita ba, sake shafa kumfa ka ratsa shi a gicciye. Daga nan ka tsaya. Akwai mai cewa a yi masa sumul kamar ƙwai. In ka ga tabon ƙuraje a wuyansa, ka ba shi haƙuri ka faɗa masa dalili, don in sun fito kai zai zaga, ba gashinsa ba.

Gaggawa ma tana cikin laifinka. Tawul mai ɗumi ya yi minti biyu ko uku a fuska, gashi ya sha ruwa ya yi laushi, balle da hunturu da fata ke bushewa. In an gama, ruwan sanyi, sai alif ɗin nan da ake sa wa ruwa ya kwanta a goga inda aka ƙwarzane, sannan ɗan man kaɗanya. Ni ban cika son a kwarara wa mutum sifirit ba, zafi ne da ƙarin bushewa.

Reza kuwa, kowane mutum da sabuwa, ka ɓare ta a gabansa. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kai mako guda da ranta a busasshen jini. Shi ma kan ƙarfen ka kwance shi ka wanke, ka tsoma a maganin kashe ƙwayoyin cuta. Tsohuwar rezar ka jefa a gwangwanin can mai murfi, kada yaran unguwa su tsinta.

Gobe kafin mutane su fara zuwa, ka gwada a kumatunka ina kallo.