Hajiyarmu Ta Fara Mantuwa, In Kai Ta Gidan Dattawa?

TAMBAYA: Anti, barka da aiki. Ina zaune a Bronx, birnin New York, tare da mahaifiyarmu mai shekara 79. Daga Kumasi ta zo, ta daɗe da samun takardar zama ɗan ƙasa. Tun bara ta fara mantuwa. Sau biyu tana barin tukunya a kan wuta, ran nan kuma ta fice da silifas cikin sanyi, maƙwabci ne ya dawo da ita. Ni aikin dare nake yi, maigidana direban tasi ne. Likita ya ce mu nemi gidan dattawa, amma yayana da ke gida ya ce in na kai ta, na jefar da uwa. Yaya zan yi?

AMSA: 'Yata, Allah ya ba Hajiya lafiya, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Ki gaishe da yayanki, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A zangon Kumasi tsohuwa ba ta taku goma ba tare da wani ya ce "Hajiya ina za ki?" ba. A hawa na shida a Bronx, ƙofar kowa a kulle take.

Na yi shekaru ina aikin kula da tsofaffi a wannan birni, bari in bambance miki gidajen. Akwai wanda dattijo ke da ɗakinsa, a dafa masa, a taya shi wanka da sa tufafi, a tuna masa magani. Akwai kuma gidan jinya, inda nas ke nan dare da rana saboda waɗanda ciwo ya kwantar. Hajiya tana kan ƙafarta, ba ta kai na biyun ba. Sai dai tunda ta fara ficewa, na farkon ma ba kowanne zai dace da ita ba, sai mai sashen masu ciwon mantuwa, inda ake tsare ƙofa. Wannan sashen ya fi tsada.

Batun kuɗi ne ke ba mutanenmu mamaki. Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffi, ba ta biyan kuɗin zama a irin wannan gida, kuma dala 5,000 a wata ba ta kai ko'ina ba a wurare da yawa. Medicaid, tallafin lafiya na gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, ita ce ke taimakawa, ita ma ba duk gidaje ke karɓarta ba, don haka ita ce tambayarki ta farko.

Ni dai da Hajiya tawa ce, ba can zan fara ba. Jihar New York tana da shirin CDPAP ƙarƙashin Medicaid, wanda ke biyan mai kula da tsoho a gidansa, kuma ɗa ko 'ya na iya zama mai kulawar, ban da miji ko mata. Nas za ta tantance buƙatarta, daga nan a yanka sa'o'in kulawar da za a riƙa biya. A nan tsofaffinmu ke ɓata lamari. Ana tambayar Hajiya ko tana iya wanka da kanta, kunya za ta sa ta ce lafiya lau. Ki zauna a wurin, ki faɗi zancen tukunya da na silifas dalla-dalla. Ranar wanka ba a ɓoye cibi.

In abin ya fi ƙarfin gida, ki je ki gani da idonki. Kada ki tsaya kan ziyarar da suka shirya miki, ki sake komawa da yamma ko ranar Lahadi, lokacin da ma'aikata suka ragu. Ki shaƙi iskar barandar, hanci ba ya ƙarya. Ki tambayi mutum nawa ke aikin dare, ko mace ce za ta riƙa yi mata wanka, ko akwai naman halal ko a bar ki ki kawo tuwo daga gida, da inda za ta yi alwala ba tare da santsi ba. Sannan a rubuta miki dalilan da za su sa su ce ta tashi.

Abin da ya fi damuna shi ne harshe. Ciwon mantuwa yakan fara share yaren da aka koya da girma. Na taɓa kula da wata dattijuwa 'yar Nijar da Faransanci da Turanci duk suka gudu mata, kullum tana kuka, ma'aikata suna rubuta cewa rikici take yi. Da na shiga na ce "Inna, ina kwana?" sai ta kama hannuna ta ce butarta take nema. Ki nemi gidan da ke da ma'aikaciya mai jin Hausa, a Bronx ana samu, kuma wanda za ki iya leƙawa kullum.

In yayanki ya ce a maido ta Kumasi, ku tattauna da gaske, ba laifi ba ne. Ku dai sani Medicare ba ta bin mutum can, tallafin SSI, kuɗin wata da gwamnati ke ba tsofaffi marasa ƙarfi, shi ma yana tsayawa in ta yi kwana 30 a wajen ƙasar. Ki tambaye shi sunan wadda za ta riƙa kwana ɗaki ɗaya da Hajiya.