Tambaya da Amsa: Mongol da suka ci Bagadaza, jahilai ne ko masu wayewa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Dan Allah wani abu ne ya ɗaure min kai. A wajen karatu naji ance Tatar ɗin, wato Mongol, da suka rusa Bagadaza mutanen daji ne kamar dabbobi, basu san komai ba sai kisa. Sai kuma a makaranta lakcaran mu na tarihi yace ai su ne suka buɗe hanyar fatauci daga Sin har Turai, har gidan waya suke da shi. To wanne zan kama? Daga wani ɗalibi a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Duk su biyun babu wanda ya yi maka ƙarya, kowa dai ya kama ɓangaren da ya dame shi ne.

Maganar kisa ba ƙage bane, kada ka bari wani ya shafa mata mai. Temujin shugaban Mongol, wanda aka naɗa Jankiz Khan a 1206, ya shiga daular Musulmi ta Khawarizm da ke tsakiyar Asiya a 1219, kuma kafin shekara uku Bukhara ta faɗi, Samarƙand ta faɗi, Marw da Naisabur an mayar da su kufai. Kaga garin Imamul Bukhari kenan da garin Imam Muslim. Malamin tarihi Ibnul Asir da ya rayu a zamanin ya ce shekaru ya yi yana ja da baya daga rubuta labarin, har yana fatan ina ma mahaifiyarsa ba ta haife shi ba, kuma fa ya rasu a 1233, wato bai ma ga abin da jikan Jankiz, Hulaku, ya yi wa Bagadaza a 1258 ba. Adadin da ake faɗa akwai ƙari a ciki, shi Ibnul Asir ya ce 700,000 aka kashe a Marw kaɗai, masana yau suna ganin ya yi yawa. Amma ko Hulaku da kansa a wasiƙar da ya aika wa sarkin Faransa ya ce mutanen da suka halaka a Bagadaza sun kai 200,000. Wanda ya yi kisan ne fa yake faɗa.

Inda nake son ka tsaya shine yadda aka yi kisan, domin nan ne kalmar "mutanen daji" take ɓatar da mutum. Ba hauka bane ya kwashe su. Rundunar su a tsare take, goma goma, ɗari ɗari, dubu, har dubu goma, kowa ya san shugaban sa. A Marw sai da aka fito da mutanen gari fili, aka ware masu sana'a wajen 400 aka ajiye su gefe saboda ana buƙatar hannun su, sannan aka raba sauran wa sojoji kowa da kason sa. Ka yi tunanin maƙeri a tsaye ana tambayar sa aikin sa, a ce ya koma can, matar sa da 'ya'yan sa kuma suna ɗaya layin. Wallahi wannan lissafin ya fi tayar min da hankali akan a ce wasu mahaukata ne suka afka wa gari. Hulaku kuma da injiniyoyi daga Sin ya zo, masu harba duwatsu da manjaniƙ suna fasa ganuwa. Garin da ya miƙa wuya galibi akan bar shi ya biya haraji, wanda ya yi taurin kai a shafe shi don na gaba ya ji labari. Tsoro ne suka mayar makami, da gangan.

Kuma su a wajen su ba su ne marasa ɗa'a ba. A 1218 Jankiz ya turo ayarin fatake kusan 450, mafi yawan su ma Musulmi ne, gwamnan Otrar, wani gari a daular Khawarizm, ya kashe su ya kwashe kaya, da aka aiko manzanni neman hakki sai Sarki Muhammad na Khawarizm ya sa aka kashe ɗaya aka aske gemun sauran. A al'adar Mongol taɓa ɗan aike babban laifi ne. Wannan bai halatta jinin yaran Marw ba ko kaɗan, amma ya nuna maka kowane ɓangare yana kallon ɗayan a matsayin wanda bai san doka ba.

Abin da lakcaran ku ya faɗa shima haka ne. Suna da zango zango na dawakai da ake kira yam, ɗan saƙo ya sauya doki ya wuce, da wani allo na ƙarfe ko katako da matafiyi ke riƙewa kamar fasfo. Sun ari rubutun Uigur, sun ɗauki magatakarda daga Farisa da Sin. A 1254 babban sarkin su Mongke Khan ya tara Musulmi da Kirista da mabiya Buda suka yi muhawara a Karakorum, babban birnin su. Sai dai kar a cika yabo, Kublai Khan, sarkin su a Sin, ya taɓa hana yanka irin na Musulunci a ƙasar sa a 1280. Daga baya kuma da yawan su sun musulunta, Berke, shima jikan Jankiz, tun kafin faɗuwar Bagadaza, har ya yaƙi ɗan'uwan sa Hulaku, sai Ghazan, sarkin su a Farisa, a 1295.

Ita kuma kalmar "barbarian" da Turawa ke jifan mutane da ita, mai nufin mutumin daji, asalin ta daga Girkawa ne, barbaros, wato wanda maganar sa take fita "bar bar" ba a gane ta. Larabawa suka ce Ajami. Mu ma nan in mutum bai iya Hausa ba mukan ce yana gwaranci, ba mu ko tuna sunan wata al'umma muke ɓatawa. Mai gari da alƙalami shi ke raɗa wa makiyayi suna. Ibn Khaldun ya fi kowa adalci a nan, ya ce mutanen ƙauye da sahara suna da haɗin kai da juriya, su ci birni, jikokin su su saba da daɗi su yi laushi, wasu su zo su ci su. Duba ma waɗanda suka taka wa Mongol birki a Ainu Jalut a 1260, Mamluk ɗin Masar irin su Baibars, bayi ne da aka sayo daga irin filin makiyayan da Mongol suka fito.

Su kuwa Turawan mulkin mallaka masu cewa sun kawo mana wayewa, sojojin Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine sun ƙona Birnin Ƙonni a 1899 sun karkashe mutanen cikin sa, kuma mutane ne masu takardar makaranta. Don haka ni in ka tambaye ni, Mongol ba jahilai bane, azzalumai ne a lokacin yaƙin su, masu tsari kuma a lokacin mulkin su, duka biyun za ka rubuta in an tambaye ka a jarrabawa.

TAMBAYA: Malam wai da gaske ne kogin Dijla ya koma baƙi saboda tawadar littattafan da aka zuba? Daga wata 'yar'uwa a Maraɗi.

AMSA: 'Yar'uwa, an yi asarar littattafai da malamai sosai, wannan babu musu. Amma zancen ruwa ya koma baƙi a rubuce-rubucen da suka zo daga baya ya fito, ya fi kama da hanyar nuna girman baƙin ciki. Ba duka aka lalata ba, Nasiruddin Ɗusi da ke tare da Hulaku ya tattara littattafai masu yawa zuwa ɗakin nazarin taurari da aka fara gina masa a Maragha a 1259, kuma ginin makarantar Mustansiriyya har yau yana nan tsaye a bakin kogin.