Guzan da ya mutu a tarko, da ƙiyasinsa a kan funfunar agot

Tambaya: Malam, ina karatun noma a Samaru. Na ɗana tarko a bakin kogin Kubanni, da safe na tarar da guza ya mutu a ciki. Wani abokina ya ce dabbar ruwa ce, in ci. Wani kuma ya ce guza haram ne saboda dafi, kamar hatsin da funfunar agot ta kama a ƙasashen sanyi. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Ɗana, duk su biyun sun kuskure, kuma abin da ya yanke hukuncin yana cikin maganarka: ka tarar da shi a mace.

Ƙiyasin guza a kan agot bai tsaya ba. Agot takan maye gurbin ƙwayar hatsi da wata baƙar ƙwaya mai tauri. Gubar tana cikin abin da ake ci, kuma gashi ba ya kawar da ita: tana matse jijiyoyin jini har yatsu su ruɓe, tana jawo ɓari. Cinta haram ne don cutarwa.  Allurar tsayar da jinin haihuwa da ake samu daga gare ta halal ce a hannun likita. Shi kuwa guza, abin tsoronsa cizo ne, ba tsokarsa ba. Mukhtasar Khalil, littafin fiƙihun Malikiyya, ma ya halatta macijin da aka aminta daga dafinsa. Guza yana halatta da yanka a wurin Malikiyya, Hanafiyya sun hana.

Wanda ya fi damuna mai cewa dabbar ruwa ce. Gaskiya ne malamanmu sun ce mushen dabbar ruwa mai tsarki ne ko da tana daɗewa a tudu, kamar kada da kwaɗon ruwa. Amma wannan ga wadda ruwa ne mazauninta. Guza a rami yake kwana, a suri yake saka ƙwai, yana hawa bishiya, yana shiga akurki ya shanye ƙwan kaji. Iyo bai mai da shi kifi ba, ai ɓauna ma tana iyo. Yana da jini mai gudana, don haka sai an yanka maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu da bisimilla. Kada kuma a kawo maka hadisin labbu da Khalid bin Walid ya ci: wannan ƙadangare ne na hamada mai cin ciyawa, ko da wasu sun fassara shi da damo, kuma ba a ce mushe ne ba.

Binne shi, kada ka sayar wa masu balangu ko masu magani. Ka riƙa duba tarkonka safe da yamma, barin dabba ta kwana igiya na shaƙe ta azabtarwa ce. In ka yanka wani, zubar da kayan ciki, ka dafa har nama ya saki ƙashi, domin yana cin mushe kuma yana ɗauke da tsutsotsi. Wallahu a'alam.