Ragunan da aka bari a bayan wanet

Wasiƙu biyu na ware wannan makon, ɗaya daga Jidda, ɗaya daga Makka. Duk kan dabbobi suke magana, kuma duk tsoro ɗaya ne ya riƙe masu su.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗan Kano ne, shekarata uku a Jidda ina aikin kai saƙon abinci. Ranar Talatar da ta wuce, bayan azahar kaɗan, na tsaya a wata bagala, wato ƙaramin kanti, in sayi ruwa, sai na ga wanet, wato motar a-kori-kura, a ajiye a tsakiyar rana, bayanta cike da raguna. Na ƙirga tara. An ɗaɗɗaure musu ƙafafu an jibga wani kan wani kamar buhunan albasa, babu rumfa, babu ko tsumma. Biyu sun zaro harshe, na can ƙasa kuwa ya daina motsi. Na yi kusan minti ashirin mai motar bai fito ba. Da ya fito, wani rago ya yunƙura, sai ya ɗauki guntun tiyo ya dinga zabga masa a fuska. Na ɗauki bidiyo a ɓoye, lambar motar ta fito sarai. Da dare na nuna wa kawuna, ya ce in goge, wai baƙo makaho ne ko da idonsa, kuma kai ƙarar mutum saboda dabba annamimanci ne. Abokaina kuma sun ce in ɗora a TikTok. Baba, barci ya ƙaurace mini. Wa ake kai wa irin wannan ƙara? Kuma zai taɓa mini igama, wato takardar izinin zamana a ƙasar?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya yi maka albarka da wannan rashin barcin.

Bari in fara da abokanka, don tasu shawarar ce za ta iya kai ka inda ba ka zata ba. Kada ka ɗora bidiyon nan a ko'ina. Dokar laifukan intanet ta ƙasar nan, wadda aka kafa tun 2007, ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara guda, ko tarar da za ta iya kaiwa riyal 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya ko ya ɓata masa suna ta kafafen sadarwa. Ƙa'idojin ɗa'a a bainar jama'a na 2019 kuma sun sa tarar riyal 1,000 ga mai ɗaukar hoton mutum kai tsaye ba da izininsa ba. Na san za ka ce ai bidiyon da suka yaɗu su ne suke sa a kama masu laifin. Haka ne, mun sha gani. Amma zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Mai wanet zai manta da ragon da ya daka, ya tuna da ɗan kai saƙon da ya nuna fuskarsa ga duniya, kuma doka ta ba shi ƙofar da zai bi ta kanka. Bidiyon hannunka hujja ce, hukuma kaɗai ake miƙa wa ita. Ko zauren WhatsApp na 'yan garinku kada ka tura, don daga nan abu yake tsallakewa.

Kawunka kuma, ka gaishe shi. Tsoronsa na sani, don da shi muka yi zaman ƙasar nan, mu da muka zo tun ana rubuta igama a ɗan littafi. Amma annamimanci shi ne ɗaukar magana daga wannan a kai wa wancan don a haɗa su. Wanda ya kai kukan wanda ba shi da baki wurin mai ikon hanawa, wannan hani da mummuna ya yi. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shiga gonar wani mutumin Madina, raƙumi ya gan shi ya yi kuka har da hawaye. Ya shafa shi, ya tambayi mai shi, ya ce masa ya ji tsoron Allah game da dabbar nan, domin ta kai masa ƙara cewa yana barin ta da yunwa yana wahalar da ita. A Muslim kuma akwai hani ƙarara a kan dukan fuska da yi mata lalas. Ka karanta wa kawu waɗannan biyun cikin ladabi, bayan ya ci abinci.

Yanzu ga ƙofar. Tun 2013 Saudiyya ta amince da dokar jin ƙan dabbobi ta ƙasashen Gulf, wadda ta wajabta wa mai dabba ya ba ta ci da sha da mafaka, ya kuma ɗauke ta a mota ta hanyar da ba za ta cutu ba. Tararta tana ninkuwa idan mutum ya maimaita, har ta kai riyal 400,000. Ma'aikatar muhalli da ruwa da noma ce ke riƙe da ita, lambarta 939. Ba dokar ado ba ce. A 2021 an fitar da raƙuma sama da 40 daga gasar kyau ta bikin raƙuma na Sarki Abdul'aziz saboda an yi musu allurai da sauran dabaru don a kumbura musu leɓe da kai, alhali masu su manyan mutane ne masu kuɗi. To balle mai tiyo. Idan abin yana faruwa a gabanka kuma ka ga rai na shirin fita, ko mai abin ya taso maka, 911 ake kira a yankinmu na Makka da Jidda. Akwai kuma manhajar Kulluna Amn, wadda ake tura hoto ko bidiyo da ita kai tsaye ga jami'an tsaro.

Kafin ka kira, zauna ka rubuta abin da za ka faɗa, don na ga mutane da yawa sun ɓata ƙararsu da kansu. Su buɗe da Allah ya isa, su rufe da Allah ya isa, wanda ya ɗaga waya bai samu abin rubutawa ba. Ka faɗi rana da sa'a. Ka faɗi unguwa da titi da abin da ke kusa, masallaci ne ko gidan mai. Ka faɗi irin motar da launinta da lambarta, haruffa ukun nan da alƙalumansu. Sannan abin da idonka ya gani, iyakarsa ke nan: raguna tara, ƙafa a ɗaure, cikin rana, kimanin minti ashirin, an daki ɗaya da tiyo a fuska. Na ƙasan nan da ya daina motsi, ka ce ya daina motsi. Kada ka ce ya mutu, ba ka taɓa shi ba. A ƙarshe ka nemi lambar balagin, wato lambar rahotonka, ka ajiye, da ita ake bibiya. Idan Larabcinka bai nuna ba, ka zaunar da wanda ya iya kusa da kai.

Batun igama, idan taka tana da rai kuma aikin da kake yi shi ne a kanta, faɗin gaskiya ga hukuma ba laifi ba ne. Ƙarar ƙage ce ake hukunta mutum a kanta, kai kuwa kana da shaida. Sai dai ka sani manhajojin gwamnati da lambar igama ake shigarsu, kuma a waya ma za a iya tambayarka ita. Don haka wanda takardunsa suke da tangarɗa, kada ya ce Baba ya tura shi. Ya ba wani amintacce mai cikakkun takardu bayanin, shi ya kira.

Akwai abin da nake so in ja maka kunne a kai, ba faɗa ba ne. Minti ashirin ka yi a tsaye, ga bagala a bayanka, ga firij cike da ruwa. Na yi shekaru ina lodin dabbobi a wani hoshi, wato shingen da ake tara dabbobi, a kudancin Jidda, lokacin da jiragen ruwa ke sauke ragunan Sawakin ta Sudan da na Barbara ta yankin Somaliya gab da aikin Hajji. Rago ba ya zufa irin tamu, da haki yake fitar da zafi, ga ulu a jikinsa. In ka ga ya buɗe baki ya zaro harshe yawu na dalala, ya kusa. Wanda aka danne a ƙasa kuwa ko hakin ba zai iya ba, don babu inda haƙarƙarinsa zai buɗe. Ka tuna daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba hukuma ta hana a sa ɗan Adam aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3. A irin wannan sa'ar aka shanya su a kan ƙarfe. Kafin ma'aikata ta zo, kwali biyu daga bagala da za a yi musu inuwa, da ruwan da za a zuba musu a ƙafafu da ciki da wuya, su ne za su riƙe ran. Ba mai ƙanƙara ba, kuma kada a ɗura wa wanda ya galabaita a baki, sai ya shaƙe. Motar mutum ce, don haka ba ka kwance ko ɗaya, ba ka hawa. Ka shiga bagala ka tambaya da ƙarfi, wanet ɗin nan ta wa ce?

Da ya fito kuma, ga abin da hoshi ya koya mini. Na taɓa ce wa wani direba haramun ne abin da kake yi, a gaban yaransa. Ya kalle ni sama da ƙasa, ya tambaye ni wane ne kafilina, wato uban gidan da nake zaune a ƙasar a ƙarƙashinsa. Na haɗiye sauran maganar, raguna biyu suka mutu a motar nan kafin la'asar, ni na ja su na fitar. Bayan nan na canza baki. Sai in matsa kusa in ce ya ammi, wato ya baffa, na ƙasan nan zai tafi fa, kuɗinka ne, kawo in taya ka mu gyara musu. Wallahi sau da yawa sai ka ga mutum ya zabura ya fi ka gaggawa. Wanda ya ji wannan ya ci gaba da duka, shi ne na 939.

TAMBAYA: Baba ina wuni. Ni matar aure ce a Makka, a nan aka haife ni. 'Ya'yan maƙwabciyata, babbansu bai wuce shekara tara ba, sun mayar da kyanwowin lungunmu abin wasa. Jiya sun ɗaure wa wata 'yar ƙarama igiya a wuya suna jan ta a kan kwalta mai zafi. Na yi musu tsawa, suka yi dariya. Mijina ya ce in kira askar, wato 'yan sanda, amma na san uwarsu ba ta da takarda, ubansu kuma an riga an mayar da shi gida. Ga shi kwanan baya mun wayi gari da kyanwowi huɗu a mace kusa da bola, kumfa a bakinsu. Ya zan yi?

AMSA: Lafiya lau 'yata. Abu biyu kika haɗa, kuma ba hanyarsu ɗaya ba.

Yaran nan, kada ki kira musu askar. Ra'ayina ke nan, wani malamin yana iya saɓa mini. Kiran da kika yi don kyanwa yana iya ƙarewa da uwa a Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a mayar gida, tana jiran jirgi, yaran kuma a hannun maƙwabta, kuma babu wanda ya koya musu tausayi a cikin wannan duka. Ki je wurin uwar da daddare, ki riƙe ɗan abu a hannu ko da kwanon tuwo ne, ki faɗa mata ke da ita, ba a tsakar gida ba. Mace mai fita neman abinci tun asuba sau da yawa ba ta san abin da ake yi a bayanta ba. Idan ta ɗauke kai, ki sa mai gidanki ya gaya wa malamin da suke karatu a wurinsa. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba, yana cikin Buhari da Muslim, kuma yaro ɗan shekara tara yana jin sa daga bakin malaminsa fiye da tsawar maƙwabciya. Babban nasu kuma ki ba shi aiki. Ki ce shi ne mai zuba ruwa a kwanon kyanwowi kullum bayan la'asar, kina ba shi riyal ɗaya. Na ga wannan ya yi aiki a kan jikana, wanda da jifa ya fara.

Kyanwowi huɗu da kumfa a baki kuwa, wannan alamar guba ce, kuma ba aikin yara ba ne. Nan ki kira baladiya, wato hukumar gari, a 940, ko ki shigar ta manhajar Balady, a zo a kwashe, a duba wurin. Idan kin ga mai zubawa da idonki, 939 ma tana karɓa, umda, wato mai unguwa, kuma ya kamata ya ji. Kada ki ambaci sunan kowa bisa zato. Kada kuma ki taɓa gawar ko ragowar abincin da hannu, ki sa leda. A lungun da yara suke wasa ba takalmi, naman da aka barbaɗa wa guba ba kyanwa kaɗai yake jira ba, kuma da wannan za ki fara idan sun ɗaga waya.

'Yar ƙaramar da aka ja a kwalta, in tana nan, ki duba tafin ƙafafunta. In sun sale, ki wanke da ruwan gishiri kaɗan, ki ajiye ta a kwali ƙarƙashin matakala inda ba rana. Kada ki ba ta Panadol ko kaɗan, yana kashe kyanwa.