Amsa ga Rabi kan launin bargon ƙyallaye na amarya

Rabi 'yata, saƙonki ya iso. Kin ce kina so ki haɗa wa ƙanwarki bargon ƙyallaye na shimfiɗa a gado, irin wanda ake kira asasaawa a nan Kumasi, ki sa mata a kayan ɗaki, amma wata maƙwabciyarku a unguwar Aboabo ta ce kada ki kuskura ki haɗa ja da baƙi. Kina tambaya ko addini ne ya hana ko al'adarmu.

Addini bai hana ba, kuma ba daga ƙasar Hausa iyayenmu suka zo da wannan ba. Al'adar masu gari ce, Tonawa, wato Asante. A wajensu jan zane da suke kira kobene da baƙi mai duhu da suke kira kuntunkuni kayan makoki ne, kina ganinsu duk ranar Asabar. Baƙi da fari zalla ma suna sawa idan tsoho tukuf ya rasu. Mu kuwa tare muke zaune da su, tare muke kasuwa, kuma za su shigo ganin ɗakin amarya. Ba daidai ba ne baƙuwa ta ɗaga labule ta ga gado sanye da abin da take sawa zuwa jana'iza. Saboda haka maƙwabciyar ta yi gaskiya, sai dai ta faɗaɗa. Ja kaɗan a cikin kore da ruwan ɗorawa ba wanda zai ce komai. Abin gudu shi ne ja da baƙi su biyu su mamaye bargon.

Ki kula da zanen atamfar ma, domin da yawa suna da suna. Akwai mai tsani da ake kira Owuo atwedee, tsanin mutuwa, ba ta shiga kayan biki. Ahwenepa nkasa kuwa yabo ce, ki sa ta. Ki tambayi masu sayarwa a kasuwar Kejetia, sun san sunayen. Idan daga wajen tela za ki kwaso ƙyallaye, ki zauna ki tsince su ɗaya bayan ɗaya. A ciki ake samun zanen coci, da zanen jam'iyya, da wanda aka buga da hoton mamaci. Duk ki fitar, haka ma duk ƙyallen da ke da rubutun Larabci, don abin da za a zauna a kai ne.

To, yanzu ga zaɓen kansa. Kada ki fara da tara launuka. Ki fara da atamfa guda wadda kika san amarya za ta so, ita ce uwa. Ki shimfiɗa ta ki duba launukan jikinta, galibi uku ne ko huɗu. Daga cikinsu za ki ɗauki sauran. Idan uwar shuɗiya ce mai ratsin ruwan goro da ɗigon fari, sai ki nemo yadi ruwan madara mara zane, da wani ruwan goro mai ƙananan zane. Uku sun isa, huɗu iyaka. Atamfa mai manyan furanni ba ta son kishiya kusa da ita, dole a raba su da yadi mara zane, in ba haka ba ido ba ya samun wurin hutawa.

Inda mata suka fi faɗuwa shi ne duhu da haske. Za ki ga an haɗa kore da ja da shuɗi, kowanne kyakkyawa a hannu, amma duk duhunsu ɗaya. Da an shimfiɗa aka ja baya, sai ɗinkin ya ɓace, komai ya cakuɗe. Dole ki sami mai duhu, da matsakaici, da mai haske. Gwajin mai sauƙi ne: ki jera su a tabarma, ki ɗauki hoto da waya, ki mayar da hoton baƙi da fari. Duk biyun da suka zama toka iri ɗaya, ki canza ɗaya. Kuma kada ki yanke shawara a ƙarƙashin fitilar shago, tana ɓoye bambancin shuɗi mai duhu da baƙi. Ki fito da yadin rana ki gani.

Ga lissafi na babban gado. Ki yanka kowane ƙyalle inci shida da rabi kowane gefe, ɗinki ya ci kwatan inci ta ko'ina, ya rage shida. Jeri 15, kowane jeri ƙyalle 14, ya zama 210, bargon ya tashi inci 84 da 90. Uwa ta ɗauki rabi, wato 105. Mai haske 70, mai ƙarfin launi 35 kawai. Atamfa mai faɗin inci 45 tana ba da ƙyalle 30 a yadi, don haka ki sayi yadi uku da rabi, da biyu da rabi, da ɗaya da kwata, ki ƙara kwata a kan kowanne saboda kuskuren almakashi. Bayan bargon zai ci yadi shida. Ki sa masa mai matsakaicin duhu, fari ba ya jure jar ƙurar hunturu.

Kafin almakashi ya taɓa komai, ki wanke kowane yadi daban. Ja da shuɗin baba, irin na fugu, rigar saƙi ta arewacin Ghana, su suka fi zuba. Ki jiƙa ɗan guntu a ruwan ɗumi da sabulu tare da farin ƙyalle, ki bar su rabin awa. In farin ya canza, ki ci gaba da wankewa har ruwan ya fito garau. In ya ƙi, ki haƙura da shi. Za a ce miki ki zuba gishiri, gishiri ba ya kama rinin da aka riga aka gama a masana'anta. Wankin kuma yana fitar da sitaci, yadin ya tsuke tun kafin ɗinki. Wanda ba a wanke ba shi ne yake tattare bargo bayan wankin farko. Ki juya atamfar ki duba bayanta: ta gaske, irin ta kamfanin GTP na Ghana ko ta Holan, launinta ya ratsa gaba da baya. Wadda bayanta ya yi fari-fari ta fi saurin koɗewa, shekara ba ta zagayowa sai ki ga wasu ƙyallaye sun tsufa sun bar 'yan'uwansu. Kada ki haɗa auduga da leshi ko yadin roba, zafin gugarsu ba ɗaya ba ne.

Kin ambaci tsohon zanen mahaifiyarku, Allah ya jiƙanta, kina so ya shiga. Ki sa shi, abu ne mai kyau. Amma tsohon zane ya yi laushi, sabo zai ja shi ya yage a bakin ɗinki. Ki yanko daga inda bai ci ba, ki yi masa shafi da siririn farin yadi, ki sa guda huɗu ko biyar can ciki, ba a gefe ba inda hannu ke ja. In launinsa ya koɗe, ki lissafa shi cikin masu haske.

Tsakiyar bargon kada ki cusa soso, Kumasi ba ta da wannan sanyin, kuma da damina ba zai bushe ba sai ya yi warin ruma. Zanen gado na auduga guda ɗaya ya wadatar. Zare ki yi da ruwan toka, yana ɓuya a duhu da haske. Kafin ki hau keke ki jera duka 210 ɗin a ƙasa, ki watsa masu ƙarfin launin kada su taru a kusurwa guda, ki turo mini hoton in gani. Ki gaida maigidan da yara.