Amsa ga mai baƙar Corolla da injin goge ya yi wa zane

Malam, da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi. Ka ce tun da aka goge maka baƙar Corolla da inji, in ta shiga rana sai ka ga zane kamar saƙar gizo-gizo, kana neman yadda za a fidda shi. Wallahi abin da ya same ni ke nan.

Tawa Avensis ce, ita ma baƙa, ko wata uku ba ta yi da zuwa daga Kwatano ba. Ana jibi Babbar Salla na kai ta wajen wani mai fenti a wajajen Katako, na ba shi jikka goma sha biyar. A ƙarƙashin rumfarsa kam, kana ganin fuskarka a jikin ƙofa. Ranar Idi da hantsi muka fito daga filin salla, ƙanina ya tsaya a gaban kapo, wato murfin injin mota, ya ce, "Yaya, wa ya yi maka wannan?" Da'ira kan da'ira, ka matsa su bi ka. A bakin ƙofar direba har injin ya cinye verni, wato man nan marar launi da ake fesawa a saman fenti, wurin ya yi fari. Ko naman layya ban ji daɗinsa ba. Da na koma, mutumin nan bai ko tashi daga benci ba, wai rana ce, wai haka baƙar mota take. Muna cikin maganar yaronsa ya ɗauki faifan ulu daga ƙasa, ya kaɗe a cinyarsa, ya ɗaura wa inji ya hau motar wani. Da yashi aka goge mini mota! Har yau in na bi ta wurin raina ɓaci yake.

Don Allah kar ka mayar wa wanda ya goge maka. Kar kuma a ruɗe ka da man ƙyalli, cike zanen kawai yake, wanki biyu ko uku ya sake fitowa. Na yi wannan asarar.

Wanda ya gyara mini wani dattijo ne a Yantala. Ya sa farce tukuna, ya ce in farce bai maƙale ba, zanen a verni ya tsaya, zai fita. Ya wanke ta tas, ya jira ƙarfen ya huce a inuwa, ya sa soso mai laushi da folish mai laushi na 3M, da injin nan mai juyawa yana karkarwa, ba mai juyi ɗaya ba. Ɗan wuri kamar faɗin tire yake yi, ya share da barasar kemis da aka sirka da ruwa, ya haska da tocilan waya. Ya hana a kusanci gefuna, ya ce vernin ko kaurin takarda bai kai ba, kowace guga kuma rage shi take. Bakin ƙofar nan sai da aka sake fesawa.

Sannan ka sa ido kan yaran wanki. Tsumma ɗaya ne na taya da na kapo, bokiti ɗaya, ga Omo. Lokacin hunturu kar ka bari a kaɗe ƙura a bushe, a fara kwara ruwa. Ni yanzu da tawul ɗina na mikrofiba nake yawo a cikin but.

Ka ɗauko mana hoton kapon da tsakar rana mu ga zurfinsa, Allah ya sa bai kai ga fenti ba.