Amsa kan asalin kalmar "news" da yadda ake tantance tushen kalmomin Turanci

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya ko gaskiya ne kalmar "news" an haɗa ta ne daga haruffan farko na north, east, west da south, wai don labarai daga kusurwoyi huɗu na duniya suke zuwa, sannan ka nemi a nuna maka yadda mutum zai tantance irin wannan bayani. Na daɗe ina koyar da Turanci a makarantar sakandare, kuma da wuya shekara ta wuce wani ɗalibi bai kawo mini wannan magana ba, galibi bayan ya ji ta daga bakin wani babba da yake ganin girmansa.

Maganar ba ta da tushe. Kalmar ta fito ne daga "new", wato sabo, aka ƙara mata alamar jam'i, ma'anarta ta zama sababbin abubuwa, kamar yadda Faransawa suke cewa "nouvelles". A tsofaffin rubuce-rubuce ma "newes" ake rubuta ta, kuma wannan harafi guda da ya ƙaru ya isa ya rushe lissafin kusurwoyin. Ban da haka, al'adar haɗa haruffan farko su zama kalma ba ta yaɗu a Turanci ba sai a ƙarni na 20, lokacin da irin su "radar" suka bayyana a shekarun yaƙin duniya na biyu, alhali "news" ta girmi wannan al'ada da ɗaruruwan shekaru.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, ana gane asalin kalma ta hanyar bin sawunta a rubuce, ba ta hanyar kamannin sauti ko daɗin labari ba. Kalmarmu "hannu" ta yi kama da "hand", kuma ma'anarsu ɗaya, amma babu dangantaka tsakaninsu, dacewa ce kawai. "Asibiti" kuwa, duk da ta yi nisa da "hospital" a kunne, daga can ta zo, domin an san lokacin da Turawa suka shigo ƙasar nan da asibiti tare da sunansa. A kan wannan ƙa'ida aka gina babban ƙamus na Oxford, wanda aka fara shirinsa a 1857, kashin farko ya fito a 1884, ba a kammala shi ba sai 1928, saboda kowace kalma sai an nemo jimlolin da ta bayyana a cikinsu tun daga mafi tsufa, tare da shekarar da aka rubuta kowace.

Idan ka san tarihin Ingila, rabin aikin ya ƙare. Tushen harshen ya zo ne da ƙabilun Angles da Saxons da suka tsallako daga arewacin Turai a ƙarni na 5, daga baya mahara daga yankin Denmak da Norwe suka bar masa kalmomi irin su "sky" da "egg". A 1066 William na Normandi, wani yanki a arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu har tsawon kusan shekara 300. Shi ya sa sunan dabba a raye, "cow" ko "sheep", tsohon Turanci ne, sunan namanta kuwa, "beef" ko "mutton", daga Faransanci yake.

Inda na fi ganin ɗalibaina suna miƙe wuya su saurara shi ne kalmomin da suka taso daga Larabci, domin wasunsu muna da 'yan'uwansu a Hausa. "Sugar" da sukari, "coffee" da gahawa, "zero" da sifiri, kowane biyu daga tushe ɗaya suke, sai dai namu sun zo ta hanyar malamai da fatake, nasu kuma sun ratsa harsunan Turai kafin su isa Ingila. "Algebra" daga "al-jabr" take, wadda ke cikin sunan littafin lissafi da al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza a ƙarni na 9, kuma sunan malamin kansa ne ya rikiɗe ya zama "algorithm", kalmar da masu kwamfuta ba sa rabuwa da ita a yau. "Magazine" ta taso daga "makhazin", wato ɗakunan ajiya, ta bi ta Italiyanci da Faransanci ta shiga Turanci da ma'anar wurin ajiye kaya da makamai, sai a 1731 wata mujalla a Landan ta ɗauki kalmar a sunanta don nuna cewa ita rumbun ilimi ce, sauran suka bi.

A nan ne kuma ake yin kuskure na biyu, wanda a ganina ya fi na farko illa ga mai koyo, wato a ɗauka cewa ma'anar asali ita ce ma'ana ta gaskiya. "Alcohol" daga "al-kuhl" take, wato kwalli. Masana haɗa magunguna a Turai suka yi amfani da ita ga duk wani gari mai laushi ƙwarai, daga nan ta koma kan abin da aka tace aka fitar da ainihinsa, har ta tsaya a kan sinadarin da ke sa maye a cikin giya. "Nice" kuma daga kalmar Latin mai nufin wanda bai sani ba ta fito, kuma wajen shekarar 1300 wawa ake nufi da ita. Duk wanda ya yi aiki da waɗannan tsofaffin ma'anoni a jarrabawa ko a wasiƙa, ya yi kuskure, domin ma'anar da masu harshen suke amfani da ita yanzu ita ce abin bi.

Saboda haka idan an kawo maka asalin wata kalma, nemi ƙamus mai bayanin tushe, ka duba shekarar da aka fara ganinta a rubuce, da yadda ake rubuta ta a lokacin, da harsunan da ta ratso ɗaya bayan ɗaya. Idan bayanin ya ce tsohuwar kalma haruffan farko ne aka haɗa, to ka fi tsananta bincike a kansa, domin irin wannan ne ya fi yawo a wayoyin mutane.